Sabar ɗaya ta shaƙe, sauran na hamma

Masu shagon kwamfuta a Gashuwa da Nguru sun saba faɗin "Ka yi haƙuri, sabar ta tsaya." Ɗalibin da ya taso daga Yusufari don rajistar jarrabawa sai ya koma gida ya dawo gobe, kuɗin mota ya ninka. Amma manyan rumbunan ajiyar bayanai ba inji ɗaya ba ne. Injina ne da yawa aka haɗa suna hidima da bayanai iri ɗaya, kuma sau tari ɗaya ne ke nishi da kaya, 'yan uwansa na zaune.

Manoman fadamar Hadejia da Nguru sun san irin wannan. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala ta toshe wasu rassan kogin Hadejia, ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru yana cin gonaki, wasu rassan kuwa suka ƙafe. Rabon ruwan ne ya lalace.

A rumbun bayanai, sau da yawa mai rabon shi ne tsarin DNS, wanda ke mai da suna zuwa adireshi. Idan injina huɗu ne, yakan ba mai tambaya na farko adireshin inji na ɗaya, na biyu na gaba, haka bi da bi. A takarda adalci ne. Sai dai kwamfuta tana haddace amsar da aka ba ta. Ofis mai kwamfuta hamsin da ke tambaya ta ƙofa ɗaya zai iya karɓar adireshi ɗaya, duka hamsin ɗin su rufta kan inji guda. Wani ma'aikacin ma, don gudun wahala, ya rubuta adireshin inji ɗaya da hannu shekaru da suka wuce, ya bar aikin, ba wanda ya tuna.

Matsalar da ta fi ruɗa masu gyara ita ce ta bayan ɗauke wuta. Inji ya mutu, masu hulɗa da shi suka koma maƙwabcinsa. Ya farfaɗo, ba wanda ya dawo, domin haɗin NFS ko SMB, wato hanyoyin da kwamfuta ke buɗe fayil a kan sabar, yakan daɗe a inda ya sauka har sai an cire an sake ɗaurawa. Shi ya sa gwani ke fara ƙirga haɗin da ke kan kowane inji, sannan ya duba nauyinsu, don mai kwafar bidiyo guda ya fi magatakarda ashirin cin hanya. A ganina, shugaban da ya sa hannu a sayo sabon inji kafin a yi wannan ƙidaya ya zubar da kuɗin jama'a ne kawai.

Bambanci tsakanin injina na iya wuce jinkiri. Ranar 14 ga Mayu 2025, shugaban hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa a gaban 'yan jarida cewa wani gyaran manhaja bai sauka daidai a kan wasu sabobin ba, sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas ya gurɓata. Dole aka sake musu jarrabawar daga 16 ga watan.