Yaron da Bai Zauna Ba, Wai a Jira Shekara Biyar?

Wani saƙon murya na ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi. Mai maganar har rantsuwa take yi cewa kai ƙaramin yaro gashin ƙashi a asibiti ganganci ne, wai ƙashinsa ɗanye ne, a bari sai ya shekara biyar. Ta ƙara da cewa rigakafi ke sandarar da yara, wasu kuma 'yan ruwa ne. Waɗannan biyun ba su da tushe balle makama. Abu ɗaya ta faɗa daidai: shawarar jarirai idan ta tsananta tana taɓa ƙwaƙwalwa. Haka ma doguwar naƙuda da sanƙarau.

Zancen jiran shi ne mai ɓarna. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, raunin ba ya ƙaruwa, amma jijiyoyi suna ƙagewa. Hannun da yau uwa ke iya buɗewa ta wanke, bayan shekaru sai ya dunƙule, dunduniya ta daina taɓa ƙasa. A lokacin ana iya kaiwa ga tiyata. Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a karkace kuwa, a makonnin farko aka fi son fara gyara shi: filasta duk mako kamar sau biyar zuwa takwas, galibi da 'yar tsaga a agara, sai takalmi mai ƙarfe da zai riƙa kwana da shi har shekara huɗu ko biyar.

Ban ga laifin uwar da ta yarda ba. Ta ji ɗanta yana tsala kuka a hannun likita, ga kuɗin mota, ga surutun dangin miji. Wadda ta naɗi saƙon ce ya kamata ta ji kunya.

Gashin ma ba murɗa ba ne irin na mai ɗori. Miƙar da gaɓa ce a hankali, da koya wa yaro riƙe wuya, zama, kama cokali, ɓalle maɓalli, yawanci cikin wasa, uwa ta ci gaba a gida. Ba ya mayar da ƙwaƙwalwa yadda take, kuma babu mai iya yin alkawarin kowane yaro zai taka.

Idan wata huɗu ya wuce wuya bai tsaya ba, ko wata tara babu zama, ko wata 18 babu tafiya, a kai shi a duba. A Kano akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.