Nahawun Vim: Aikatau da Karɓau a Ƙarƙashin Yatsu

Ɗalibin da ya naɗo hirarraki a ƙauyukan Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi yakan shafe makonni yana mayar da su rubutu, kuma gyare-gyare ne ke cinye mafi yawan lokacin. Manhajar Vim, wadda masu tsara manhajojin kwamfuta suka daɗe suna aiki da ita, tana rage wannan wahala. Bram Moolenaar ne ya fitar da ita a 1991, bisa tsarin vi da Bill Joy ya rubuta a 1976.

Vim tana da yanayi na shigar da rubutu da kuma na ba da umarni. Harafin i ke kai mutum ga na farko, maɓallin Esc ya dawo da shi na biyu, inda kowane harafi yake zama umarni.

Umarnan ba haddar ka suke buƙata ba, domin ginin jimla gare su. Akwai aikatau: d gogewa, c sauyawa, y kwafewa. Akwai karɓau: w kalma, ap sakin layi. Saboda haka dw na goge kalma, d3w kalmomi uku, yap kuma ya kwafe sakin layi. Wanda ya san aikatau uku da karɓau huɗu ya mallaki umarni 12. Ɗigo na maimaita gyaran ƙarshe, u na warware shi.

Haruffa masu ƙugiya ma suna shiga. A yanayin rubutu, Ctrl-v da u da 0199 na ba da ƙ, 0253 ɓ, 0257 ɗ, 01b4 kuma ƴ. Umarnin :%s/'y/ƴ/g na mayar da 'y ta rubutun Nijeriya zuwa ƴ ta Nijar a fayil baki ɗaya.

A nan ne ake bukatar hattara. Mai magana da ya ce tahi ko hwari ya ba da shaidar karin harshensa, kuma umarni guda na iya mayar da su tafi da fari a shafi ɗari, bayanan bincike su salwanta. Ƙara c a ƙarshen umarnin sauyi na sa Vim ta nemi izini a kowane gurbi.

Mai son farawa ya rubuta vimtutor, darasi ne na kusan minti 30, sannan ya gwada a kan kwafin fayilinsa, ya adana na asali.