Asusu Biyu, Haraji Ɗaya

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, ka riƙe shi da kyau. Mu ɗauki mutum biyu. Ɗaya dillalin shanu ne a kasuwar dabbobi ta Nguru, ɗayan kuma ɗan kasuwar albasa ne a Gashuwa, yana saye a hannun manoman fadama yana loda wa motocin Kudu. A shekara guda naira miliyan 5 ta shiga asusun kowannensu, babu ragi babu ƙari. Amma a idon doka ɗaya na da harajin biya, ɗayan ko kwabo ba a bin sa. Wane ne wane?

Na san inda hankalinka ya fara zuwa. Tun da aka ji cewa dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 za ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, jita-jita ta cika wayoyi: wai idan za a turo maka kuɗi, a rubuta "kyauta" ko "bashi" a gurbin bayani, shi ke nan ka sha. Mai albasa ya bi wannan sau da ƙafa. Kafin mota ta tashi sai ya kira abokin cinikinsa: "Alhaji, don Allah in za ka turo, ka sa kyauta." Dillali kuwa bai taɓa damuwa ba. To, shi ne ya faɗa tarko ke nan? Ina! Buhunan albasa sun fita, kuɗi sun shigo, wannan ciniki ne ko me aka rubuta. Naira 50 ɗin da ake cirewa idan an tura 10,000 ko fiye, kuɗin hatimi ne, ba harajin samu ba. Wannan sawun ya ɓace.

Sai mu duba takardu. Mai albasa bai yi rajistar kasuwanci ba, bai taɓa karɓar wasiƙa daga hukumar tara kuɗin shiga ta Yobe ba. Yakan ce, "Wanda ba ya cikin littafinsu, ta ina za su bi shi?" Magana mai daɗin ji. A Amurka ma an gwada irinta, masu cewa albashi ba samu ba ne, da masu cewa fom ɗin hukuma bai cika ƙa'ida ba don haka babu tilas. Kotuna sun yi watsi da su. Jarumin fim Wesley Snipes, wanda ya saurari irin waɗannan masu ba da shawara, a 2008 aka yanke masa shekara 3 saboda ƙin gabatar da bayanan haraji. A nan gida kuwa, lambar NIN da ke aljihun kowa ita ce lambar harajinsa. Sawu na biyu ma ya ɓace.

Wani dattijo zai ce ai an soke haraji tun 1979. Gaskiya ne Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke harajin kai da jangali. Amma wancan kuɗin kai ne da na shanu. Wannan na samu ne.

Saura me? Kuɗi iri ɗaya. Jiha ɗaya. Doka ɗaya. Tambaya ɗaya ce ba mu yi ba tun farko. Kuɗin nan, na wa ne?

A nan asiri ya tonu. Miliyan 5 ɗin dillali ba tasa ba ce. Wani mai saye ne daga Legas ya turo a saya masa shanu. Kuɗin sun kwana a asusun, washegari suka koma hannun makiyaya. Abin da ya rage wa dillali la'adarsa ce kawai, ita ce samunsa. Idan la'adar duk shekara ba ta wuce naira 800,000 ba, harajinsa sifiri ne, domin sabuwar doka ta yafe wannan kason na farko ga kowa.

Mai albasa fa? Shi ne ake bi, amma ba a kan miliyan 5 ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsorata a banza. A cire kuɗin sayen albasa, da buhuna, da 'yan dako, da kuɗin mota. Mu ce duka sun ci miliyan 3 da dubu 800. Riba ta zama miliyan 1 da dubu 200. A ajiye dubu 800 gefe. Sauran dubu 400 ne za a ɗauki kashi 15 cikin ɗari a kansu, naira 60,000 ke nan a shekara, kuma jihar Yobe ce mai karɓa, ba Abuja ba.

Abin da ke damuna shi ne, takardar da mai albasa yake gudu ita ce mai cetonsa. Idan ba shi da rasit ko littafin da ya nuna abin da ya kashe, doka ta ba hukuma damar yi masa ƙiyasi, ƙiyasi kuwa yana iya zarce gaskiyar ribarsa. Shi ma dillali, in aka tambaye shi, da me zai nuna kuɗin amana ne suka ratsa asusunsa?

Don haka 'yan kasuwar Nguru da Gashuwa, ku sayi littafi ku riƙa rubuta shiga da fita, ku adana rasit. Mai sana'ar kansa yana gabatar da bayanin samunsa na bara ne kafin 31 ga Maris ta wuce.