Daga Langalanga zuwa Asham: Me ke jefa jiragen ƙasan Najeriya cikin hatsari?

Mutanen Kambaza da ke ƙaramar hukumar Gwandu ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga gidajensu ba, domin har yau babu layin dogo a jihar Kebbi. Wanda Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Sai dai 'yan Kebbi da dama na hawa jirgin Abuja zuwa Kaduna don kauce wa hatsarin hanya, shi ya sa lafiyar layin dogo ta shafe su.

Hatsarin da ya fi tsaya wa dattawa a rai shi ne na Langalanga, a jihar Nasarawa ta yanzu. Ranar 16 ga Fabrairun 1970, wata guda bayan ƙarewar yaƙin basasa, wani jirgi maƙare da masu tafiya Babbar Sallah ya goce daga kan layi, taragunsa suka gangara cikin kwazazzabo. Gomman mutane suka mutu.

Wancan layin ƙarami ne irin na zamanin Turawa, mai faɗin milimita 1,067. Da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016, mai faɗin milimita 1,435, mutane sun ɗauka an rabu da irin wannan masifa.

Ba haka ta kasance ba. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa bam a kan layin kusa da Katari, suka kashe fasinjoji, suka sace sama da 60. Jirgin bai koma aiki ba sai Disamban shekarar. A Janairun 2023 kuma jiragen Warri zuwa Itakpe da na Kaduna zuwa Abuja suka sauka daga kan layi, kwanaki kaɗan tsakaninsu. A Maris na wannan shekarar jirgi ya banke motar ma'aikatan gwamnatin Legas a mahaɗar titi da dogo a Ikeja, mutum shida suka rasu.

Na Asham, ranar 26 ga Agustan 2025, shi ya fi tona asirin matsalar. Jirgin na ɗauke da mutum sama da 600, wasu suka ji rauni amma ba a rasa rai ba. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ya nuna na'urar sauya wa jirgi layi a tashar ba ta aiki, da hannu ake juya ta. Kuma watanni 13 kafin nan wani jirgin ya goce a wurin, amma faci kawai aka yi wa abin da ya lalace.

Ga kuma ɓarayin da ke kwance ƙarafunan dogo suna sayar wa 'yan gwangwan, abin da hukumar jiragen ƙasa ta daɗe tana kuka da shi. Ƙarfe ɗaya ya ɓace, jirgi na iya kifewa.

Yanzu ana aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Jigawa da Katsina. Ranar buɗe shi za a yi biki. Abin da zai tsare rayukan fasinjoji kuwa shi ne kuɗin gyara da ma'aikatan da za su riƙa bin layin suna dubawa, bayan manyan baƙi sun watse.