Renon Tayi a Ɗakin Gwaji: Tasirinsa ga Samuwar Ciki da Abin da Ya Kamata Mai Fatawa Ya Sani

Gabatarwa

 

A ranar 25 ga Yuli, 1978, aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan mahaifiyarta da maniyyin mahaifinta a wajen jiki, sannan aka dasa tayin a mahaifa. Malaman Musulunci ba su yi jinkirin duba lamarin ba. A 1980 Shaikh Jadul Haƙ, Muftin Masar na lokacin, ya halatta shi tsakanin miji da mata. A zamanta na Amman a 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba hanyoyi bakwai, ta haramta biyar da wani na uku ke shiga cikinsu, ta halatta biyu bisa buƙata, da sharaɗin ɗaukar dukkan matakan kariya. Sai dai wannan sharaɗi a ɗakin gwaji ake cika shi ko a tozarta shi, kuma ƙa'ida ce sananniya wajen malaman usulu cewa hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar haƙiƙaninsa. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke gudana a kwanakin da tayi ke hannun ma'aikata, da yadda yake shafar ciki da kuma fatawa.

Kwanakin farko na tayi

Bayan an ba mace allurai na kimanin kwana goma don ƙwayayenta su nuna da yawa, likita yakan zuƙo su da siririyar allura. Ana haɗa su da maniyyin miji ta ɗayan hanyoyi biyu: ko a zuba dubban ƙwayoyin maniyyi kusa da ƙwai a bar ɗaya ta shige shi da kanta, ko a zaɓi ƙwaya guda a tsira ta cikin ƙwan ƙarƙashin madubin ƙara girma. Hanya ta biyu ta fara haifar da jarirai a 1992 a birnin Brussels na Beljiyam, kuma ta buɗe ƙofa ga mazan da maniyyinsu ke da ƙaranci ko rauni. Amma inda maniyyin miji lafiyayye ne, bincike bai nuna ta fi ta farko kawo haihuwa ba, sai dai ƙarin kuɗi.

Bayan sa'a 16 zuwa 18 akan duba ko haɗuwar ta yiwu. A rana ta biyu tayi yakan rabu gida huɗu, a ta uku gida takwas, a ta biyar ko ta shida ya zama ƙwallo mai rami a ciki, mai ƙwayoyi sama da ɗari: na ciki su ne za su zama jariri, na kewaye su zama mabiyiya. A dabi'a, mafi yawan wannan tafiya cikin bututun da ke kai ƙwai mahaifa take faruwa. Aikin ɗakin gwaji shi ne kwaikwayon wannan wuri.

Abin da tayi ke buƙata

Na farko shi ne ɗumi. Ana riƙe na'urar reno a kan digiri 37, daidai da ɗumin jiki. A cikin ƙwai akwai wasu siraran zaruruwa masu raba kuromosom, wato ƙunshin gadon halitta, tsakanin ƙwayoyi. Sanyi kaɗan yana warware su, kuma idan suka sake haɗuwa ba daidai ba, rabon yakan karkace. Shi ya sa har teburin aiki ake ɗumamawa.

Na biyu iska. Iskar da mutane ke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100, alhali a bututun mace bai kai rabin haka ba. Bincike ya nuna reno a kan kashi 5 ya fi amfani ga tayi, musamman wanda za a kai rana ta biyar. Haka nan ana sa iskar kabon kashi 5 zuwa 6 domin ruwan reno ya tsaya a tsaka-tsaki, kada ya yi tsami ko ya yi kanwa. Duk buɗe ƙofar na'ura yana taɓa wannan ma'auni, don haka aka ƙera masu kyamara a ciki, a riƙa kallon tayi ba tare da an fito da shi ba.

Na uku tsabta. Tayi a wannan mataki ba shi da hanta ko ƙoda da za su tace guba. Tururin fenti, da turare, da hayaƙin janareta, duk suna iya narkewa cikin ruwan reno su dakushe girmansa. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, tambayar wace wuta ke riƙe na'urori idan aka ɗauke ta tambaya ce ta rayuwar tayi.

Duk da haka, ɗakin gwaji yana kiyaye ingancin da tayi ya zo da shi ne, ba ya ƙirƙirar sa. Tayi lafiyayye yana da kuromosom 46, kuma kuskure a adadinsu shi ne babban dalilin rashin kamawar ciki da ɓari. Kuskuren yana ƙaruwa da shekarun mace, har ya shafi fiye da rabin tayin wadda ta haura arba'in. Babu na'urar da ke gyara wannan. Wanda ya yi wa ma'aurata alkawarin ciki tabbas ya yaudare su, kuma karɓar dukiyarsu a kan haka cin haram ne.

Adadin da ake dasawa

A shekarun baya akan dasa tayi uku ko huɗu a lokaci guda, saboda ba a san wanda zai kama ba. Sakamakon shi ne yawaitar tagwaye da 'yan uku, tare da haihuwar bakwaini, da hawan jinin masu ciki, da mutuwar jarirai. A wasu lokuta likitoci kan ba da shawarar kashe wani daga cikin 'yan tayin a mahaifa don sauran su tsira, mas'ala mai nauyi a shari'a. Da aka iya reno har rana ta biyar, sai masu rauni su tsaya da kansu, a gane mai ƙarfi a dasa shi shi kaɗai. Ta haka ingancin reno ya toshe ƙofar wata ɓarna tun kafin a isa gare ta.

Daskarewa da mas'alar rara

Ana ajiye tayi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tsohuwar hanyar sanyayawa a hankali tana barin ƙanƙara ta tsaga ƙwayoyi. Sabuwar hanya tana sanyayawa cikin ƙiftawar ido, kuma a ƙwararren hannu sama da kashi 90 cikin 100 na tayin sukan farfaɗo.

A zamanta na Jidda a 1990, Majalisar Fiƙihu ta yanke cewa a taƙaita haɗawa ga adadin da za a dasa, idan an samu rara a bar ta ba tare da kulawa ba har rayuwarta ta ƙare, kuma haramun ne a dasa ta ga wata mace. Wahalar aiki da wannan ita ce ba kowane ƙwai ke kaiwa ƙarshe ba: a misali, cikin goma takwas su nuna, shida su haɗu, biyu ko uku su kai rana ta biyar. Ƙasar Italiya ta gwada irin wannan taƙaitawa da dokar 2004 wadda ta hana haɗa fiye da tayi uku, har kotun tsarin mulki ta soke iyakar a 2009. Amma sabuwar hanyar daskarewa ta sa ana iya ajiye ƙwan da ba a haɗa ba, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina ɗaukar hakan a matsayin gwaji. Wannan ya sauƙaƙa bin matsayar Majalisar fiye da lokacin da aka yanke ta. Tayin da aka daskare kuwa, jumhurun malaman Sunna na wannan zamani sun tafi a kan ba a dasa shi bayan mutuwar miji ko yankewar aure.

Kiyaye nasaba

Ƙwan wata da na wata ba su da bambanci a ido, haka maniyyi. An sha samun musanya a ƙasashe daban-daban, wani sai bayan haihuwa aka gano. Don haka hukumar da ke kula da wannan fanni a Birtaniya ta wajabta shaida a kowane matakin da ake taɓa ƙwai ko maniyyi ko tayi: ma'aikaci na biyu ya tabbatar da suna, ko na'ura mai karanta lamba ta yi hakan. Kiyaye nasaba yana cikin larurorin da shari'a ta zo don tsarewa, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Saboda haka wurin da ba shi da tsarin shaida bai cika sharaɗin halacci ba, ko da ma'auratan halal ne ga juna.

Kammalawa

Idan ma'aurata suka zo neman fatawa, bai wadatar a ce musu halal ne tsakanin miji da mata ba. Ya dace malami ya umarce su su tambayi asibiti: ƙwai nawa za a haɗa, tayi nawa za a dasa, me za a yi da rara, wa ke shaida a kowane mataki, kuma mene ne gaskiyar damar mace mai shekarunta. Neman magani riƙo ne da sababi, kuma kyautata sababi amana ce a wuyan likita. Bayar da ɗa kuwa na Allah ne Shi kaɗai. Allah ne Mafi sani.