Ma'aikatan Da Babu Sunansu A Bauca

Makarantar firamare ce ta gwamnati a gefen wani gari na Arewa, irin wadda kowa ya sani: dogayen azuzuwa masu fentin ruwan ɗorawa, fili babu katanga har 'yan acaɓa sun mayar da shi hanya, da bishiyar dalbejiya wadda inuwarta ce ɗakin malamai. A bangon ofishin hedimasta an rataye allon ma'aikata, kowa da shaidar karatunsa da matakin albashinsa. Sai dai waɗanda suka fi kowa sammako a makarantar, yawancinsu ba za ka ga sunansu a wannan allo ba.

Ta farkonsu wata dattijuwa ce da yara da malamai duk suke kira Inna. Kafin bakwai ta iso. Ta share ajin share fage, ta shimfiɗa tabarmi, ta je fanfon tuƙa-tuƙa ta cika randa da butoci. Daga nan sai karɓar yara: 'yan shekara huɗu da biyar, wasu da kuka, wasu da guntun ƙosai a hannu, wasu ko karyawa ba su yi ba. Ita ce mai kai su banɗaki ta yi musu tsarki, mai share majina, mai raba faɗa a kan alli ko takalmi. Yaron da zazzaɓi ya kama, ita ke goya shi ta kai gida. Akwai wata yarinya mai lalurar ƙafa wadda Inna ke ɗauka daga bakin hanya zuwa aji. Ranar da Inna ba ta zo ba, ita ma a gida take wuni. Idan an tashi, Inna ba ta tafiya sai an zo an ɗauki yaro na ƙarshe.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 25 a ajin share fage, 35 a firamare. A nan adadin ya ninka haka har ya wuce. Malamar ajin ba ta ɓoyewa: ba don Inna ba, da rabin lokacin darasi a hanyar banɗaki zai ƙare. Ranar da malama ta tafi bita ko hutun haihuwa kuwa, ajin gaba ɗaya hannun Inna yake komawa. Ba ta yi boko ba, amma ta haddace ƙirga da baƙaƙe saboda yawan ji, da su take riƙe yara har a kaɗa ƙararrawa.

To, wa ke biyanta? Amsar tana da tsawo, kuma a cikinta matsalar take. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare ya zama kyauta kuma dole, ta kuma sanya kula da ƙananan yara cikin tsarin. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma wannan kuɗi na gini ne da kujeru da littattafai da horar da malamai. Albashi kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, ya bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Shi ya sa ake iya gina sabon aji a rubuta masa suna da manyan baƙaƙe, amma ba a buɗe gurbin wadda za ta kula da yaran cikinsa ba. Mai sharar da makarantar take da ita a da ta yi ritaya, ba a maye gurbinta ba. Ƙungiyar iyaye da malamai ce ta nemo Inna, da baki kawai, babu takardar ɗaukar aiki.

Da, ɗan kuɗin da iyaye ke bayarwa kowane zango shi ke biyanta. Yanzu hedimasta yana tsoron karɓar ko sisi daga hannun ɗalibi, domin an gargaɗe su cewa ilimi kyauta ne, wanda aka kama yana iya rasa kujerarsa. Hana karɓar kuɗin daidai ne, don talaka ya kawo ɗansa. Abin da aka manta shi ne a cike ramin da hanin ya bari. Saboda haka idan wata ya mutu, malamai ne ke yin karo-karo bayan sun ga alat, kwamitin gudanar da makaranta ya ƙara abin da ya sawwaƙa, wani lokaci wani tsohon ɗalibi ya tuna da su. Abin da ake haɗawa 'yan dubbai ne da ba sa kai ta mako biyu. Watan da ba a samu ba, hedimasta ya kira ta ofis ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, a ƙara haƙuri.” Ita kuma, duk da a shekaru ta isa ta haife shi, ta ce, “Ba komai, ranka ya daɗe.” Dogon hutu kuwa babu ko wannan, ga shi lokacin ne tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya fi tsada.

An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. Ko ɗaya bai taɓa shafar Inna ba, domin a takarda ita ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Ba ta da hutun jinya, ba fansho, ba garatuti. Malamai suna da ƙungiyarsu ta NUT, ma'aikatan ƙaramar hukuma suna da NULGE. Wanda ba a yankar masa kuɗin ƙungiya daga albashi, babu mai shiga yajin aiki dominsa.

A aji biyu akwai wata matashiya mai shaidar NCE, malamar sa-kai. Tana duba littattafan yara, tana cike rajista, tana zagayawa tana kama hannun masu koyon rubutu, sau da yawa ma ita ke koyar da darasin. Abin da take samu bai fi kuɗin mota ba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ko motar bai isa ba, a ƙafa take zuwa. Abin da ya zaunar da ita shi ne sa rai. Ta ji yadda Jihar Kano ta mayar da dubban malaman shirin BESDA ma'aikatan dindindin, tana fatan idan an tashi ɗaukar aiki a jiharsu za a fara da waɗanda suka riga suka sha ƙurar alli. Ta kuma san cewa sau da yawa gurbin yakan tafi ga mai hanya.

Makarantar ta ga wasu mataimakan sun zo sun wuce. Matasan N-Power, shirin da aka fara a 2016, sun rage wa malamai nauyi a kan naira 30,000 a wata. Da aka dakatar da shirin a Oktoban 2023, wasunsu suna bin bashin watanni, sai aka koma haɗe azuzuwa biyu a ɗaki guda. Haka masu dafa abincin ɗalibai na aji ɗaya zuwa uku, waɗanda aka fara ba su naira 70 a kan kowane yaro, a ciki za su sayi kayan miya da itace su kuma fitar da ladan wahalarsu. Da aka dakatar da ciyarwar a farkon 2024, sun koma gida da kulolinsu, wasu da bashin mai shinkafa a wuya. Duk waɗannan shirye-shirye ne masu wa'adi, aikin da suka zo yi kuwa ba shi da wa'adi.

Ko waɗanda sunansu ke bauca ba su tsira ba. Baba mai gadi yana matakin albashi na can ƙasa tun da aka ɗauke shi. Shi kaɗai yake kwana da tocila da gora, yana tsaron kwanon rufi da tagogi da kan fanfo a filin da ba ƙofa. Idan aka yi sata, shi ake fara tambaya a ofishin 'yan sanda. Takardar ƙarin girma takan zo, kuɗinta ya ƙi biyowa. Dokar 2022 da ta tsawaita aikin malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, malamai ta ambata, ba ta zo kansa ba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ji a rediyonsa, yana jiran ya gani a aljihu. Ba abin mamaki ba ne, tunda a Abuja ma malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan sabon mafi ƙarancin albashi.

Me ya hana su tafiya? Da babu gara ba daɗi. Inna tana kasa gyaɗa da alawa lokacin tara, da ribar take zubin adashi. Iyaye sukan aiko mata da kwanon gero da kaka, ko turmin atamfa da salla. A unguwa ana ganin girmanta, matasan da ta goya suna durƙusawa su gaishe ta. Amma duk wannan kyauta ce, mai bayarwa yana iya fasawa. Kuma idan ta kwanta ciwo, yara ne ke biyan farashi: sai a ɗebo 'yan mata daga aji shida su zo raino, su bar darasinsu a shekarar da za su zana jarrabawar shiga sakandare.

Gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. Ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma ya ƙidaya waɗannan mutane makaranta-makaranta, kamar yadda yake ƙidayar ɗalibai da kujeru. A buɗe gurbin mai kula da yara a duk inda aka buɗe ajin share fage. A ba su takardar aiki, a biya su wata goma sha biyu, a koya musu agajin gaggawa da tsaftar yara. Idan za a ɗauki malamai, shekarun sa-kai su shiga lissafi. Gwamnatin da ta ce ilimi kyauta ne, ita ya kamata ta biya kuɗinsa, maimakon ta bar wa dattijuwa mai tsintsiya da malaman da ke yi mata karo-karo.