Yadda Ake Gano Ciwon Layin Sadarwa

Sau da yawa mutum yakan je banki a ce masa ya dakata, layi ya ɗauke. Wani lokaci ma layin bai ɗauke ɗungum ba, sai dai yana zuwa yana komawa, har aikin minti biyu ya ci rabin yini. Jama'a kan yi zaton ma'aikatan gyara lalube suke yi cikin duhu. Alhali kuwa akwai tsararriyar hanya da suke bi, wadda ya kamata kowane mai hulɗa da irin waɗannan layuka ya san ta.

Duk saƙon da zai bi ta layi, ko magana ce ko lissafin kuɗi, ana mayar da shi alamu iri biyu rak, watau 0 da 1, kowace alama kuwa ana kiranta bit. Alamun nan suna tafiya a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar ayarin raƙuma a siririyar hanya. Alal misali, layin da ake kira E1, wanda Nijeriya da ƙasashen Turai ke amfani da shi, yana ɗaukar bit 2,048,000 a kowane sakan, abin da ya isa maganar tarho 30 a lokaci guda. Wayar gilashi mai aiki da haske ta karɓe yawancin manyan hanyoyi, amma ba ta sauya yadda ake binciken ba.

A ce reshen banki yana Gusau, hedkwatarsa tana Ikko. Saƙo zai tashi daga na'urar reshen, ya shiga modem, ya bi waya zuwa tashar kamfanin sadarwa, ya ratsa tashoshi da dama kafin ya isa. Idan abu ya ɓaci, banki ya ce laifin kamfani ne, kamfani ya ce na'urar banki ce. Gardama kuwa ba ta gyara waya.

Gwajin mayarwa

Wanda ya aiki yaro da saƙo mai muhimmanci yakan ce masa ya maimaita kafin ya tafi. Wannan ita ce dabarar gwajin mayarwa, wanda injiniyoyi ke kira lufbak. Kowane layi yana da hanyar fita da hanyar shigowa. Sai a haɗa biyun a wani wuri, ta yadda abin da na'ura ta aika zai juyo ya dawo mata. A kan mahaɗin RS-232 mai fil tara, gajeriyar waya da aka sa tsakanin fil na 2 da na 3 ta isa: duk harafin da aka buga zai dawo ya bayyana a fuskar kwamfuta.

Amfanin gwajin yana cikin matsar da wurin juyawa gaba gaba. Da farko a juya saƙon a bakin na'urar reshen. Idan ya dawo lafiya, na'urar ta fita daga zargi. Sa'an nan a juya shi a modem, sa'an nan a tashar kamfani mafi kusa, daga nan sai can ƙarshen layi a Ikko. Inda saƙon ya fara ƙin dawowa, to ciwon yana tsakanin nan da wurin da aka gwada a baya. Ta haka layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita yakan koma ɗan yanki ƙarami da za a tura ma'aikaci kai tsaye.

Abin lura shi ne, muddin ana wannan gwaji, ba saƙon kowa da zai wuce. Saboda haka ne akan yi shi da dare ko bayan an sanar da masu layi. Har ila yau, akan sami wanda ya gama ya mance bai warware haɗin ba, sai a kwana ana neman wani ciwo da babu shi.

Ƙidayar kurakurai

Dawowar saƙo ba ta nuna cewa ya dawo cikakke. Danshi a mahaɗin waya, ko tsatsa, ko kusanci da wayar lantarki, suna iya juya 1 ta koma 0 jefi-jefi. Don gano wannan ake jona na'urar gwaji ta musamman, wadda ke aika jerin alamu da ta riga ta sani, ta kuma gwada abin da ya dawo da abin da ta aika, bit bayan bit. Jerin da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta tsara wa layin E1 yana da bit 32,767, ana ta maimaita shi fiye da sau 60 a sakan.

Kuskure ɗaya cikin miliyan yana iya zama kamar ba kome ba ne. Amma a layin E1 wannan yana nufin kimanin kurakurai biyu a kowane sakan. Kunnen mai tarho ba lalle ya ji su ba, sai dai kwamfutar banki ba ta karɓar lissafi mai giɓi. Takan yi watsi da shi ta nemi a sake aikowa, shi ya sa aiki ke jan ƙafa. Idan kuwa ya kai ɗaya cikin dubu, ana lissafa sakan ɗin a matsayin wanda ya lalace ƙwarai.

Akan fara da gwajin minti 15. Sabon layi kuwa, ko wanda ciwonsa ke zuwa yana tafiya, akan bar shi awa 24, domin wani ciwon sai rana ta take, wani sai an yi ruwa, wani kuma sai an tada janareta. Ma'aikatan ofis za su taimaka ƙwarai idan suna rubuta lokacin da layi ke ɗaukewa.

Akwai wani ciwo da ke ɓuya wa gwajin mayarwa. Dole ɓangarorin layi biyu su bi agogo ɗaya wajen ƙidayar alamu. Idan kowanne yana bin nasa, na'urar da aka juya wa saƙonta za ta ji shi daidai, tun da da agogonta ta aika shi; sai an sake haɗa ɓangarorin kurakurai su dawo. Don haka gwajin ƙarshe shi ne a sa na'urar ƙidaya ɗaya a Gusau, ɗaya a Ikko, a auna kowace hanya dabam. Mai layi yana da damar neman a ba shi sakamakon a rubuce kafin ya sa hannu cewa an gama gyara.